Goro Ɗaya Zuwa Kafanchan

Kafanchan, Asabar, tsakiyar damina

Zuwa ga Kaka Maccido, tsohon angona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da mutanen gida duka. Yaya gwiwar nan taka? Bashar direba ya ce har yanzu ka ƙi maganin asibiti, wai man shanu kake shafawa. Mu nan lafiya lau, sai nauyin jiki, don cikina ya shiga wata na shida. Maigidana Sufyanu yana gaishe ka.

Ga shi na rubuta da ajami kamar yadda ka ce, tunda ka rantse ba za ka kara waya a kunnenka ba. In baƙaƙen sun karkace ka yi haƙuri, rabona da su tun Islamiyya.

Yau ba aiki, hira kawai na zo yi maka. Na yi kyanwa! Daga cikin buhunan motar Bashar ta fito ranar da ya sauke kaya a nan, ashe tun daga Illela ta biyo shi. Na sa mata suna Albasa. 'Yar garinku ce, ba ta jin magana.

Satin da ya wuce mun je Matsirga, inda ruwa yake faɗowa daga kan dutse. Kaka, in kana tsaye kusa, ko ihu aka yi maka ba ka ji. Can ne ƙanenka, kakana Sirajo, yake zuwa duk Lahadi da gurminsa tun yana aikin reluwe. Bai taɓa kaɗa shi a gida ba, sai a can, shi kaɗai. Gurmin yana nan rataye a ɗakina, tsirkiya ɗaya ta tsinke. Na ɗauki ruwan a bidiyo na tura wa Bashar, ka ce ya nuna maka.

Na tuna wani abin dariya. Ina ƙarama yakan ja hannuna mu je tasha. Duk motar da ta shigo daga Sakkwato sai ya tambayi direba, "Ba a ba ka goro ka kawo mini ba?" Ga masu goro cike da tasha! Har 'yan kamasho suka sa masa Baba Goro.

Tambaya ɗaya. Bara da na zo biki, na ji ka jero kakanninmu a gaban jama'a, ba tuntuɓe. Amma da ka zo kan 'ya'yan Malam Usama, ka ce Maccido, Hindatu, Ummu, ka wuce. Ina Sirajo? Ina son in haddace jerin saboda abin da zan haifa.

Taka,
Latifa

*

Illela, Litinin, bayan kasuwa

Zuwa ga amaryata Latifa,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, na karanta ta sau biyu, na farko don in ji labari, na biyu don in yi dariyar rubutunki. Kaza ta fi ki iya jan layi. Amma na gode, ɗiyan yanzu ba su ko gwadawa.

Muna lafiya. Gwiwa tana nan, ita da man shanu sun saba. Ruwa ya yi kyau bana, gero a ƙauyenmu Garu ya wuce kan mutum. Allah ya sauke ki lafiya, ki gai da Sufyanu, ki ce mashi ban yafe mashi ƙwace mani mata ba.

Batun kyanwa, mu mussa muke ce mata. Yanzu har mussa ake raɗa wa suna? Kin yanka rago? Ni ma ina da wata mai ido ɗaya a ɗakin da muke ajiye albasa, shekararta shida tana aiki, ban taɓa kiranta komi ba sai "ke". Ina jin uwar taki ce. In haka ne ki ɓoye kifi.

To, ga jeri, ki riƙe. Abdulmalik mai rijiya, shi ya zo Garu da jaki biyu ya haƙa rijiyar da har yau ake sha, gaba ashirin da ɗaya. Shi ya haifi Abba mai kanwa, wanda ya fara bin hanyar Ƙonni tun babu wata boda tsakani. Abba ya haifi Malam Usama, ubana, mai karatu da fatauci. Matar Malam ita ce Inna Ramatu, ɗiyar Lafani. Wagga mata ta ja ruwa a rijiyar nan shekara talatin, tafin hannunta in ta shafa maka fuska sai ka ce bawon itace.

Kin ce na tsallake suna. Ban manta ba. Ni ban taɓa manta sunan ko akuyar gidanmu ba. Wanda ya fita da ƙafarshi, jeri ya kan rufe bayanshi, haka na taras, haka nake yi. Gidanmu gidan malamai da fatake ne, ba mu gaji kiɗa ba. Wanga zance ya girme ki.

Shi kuma ruwan da kike faɗi, ban gane ba. Ruwa daga sama Allah ke saukar da shi, daga ƙasa guga ke fid da shi. Wane ne ke ɗora shi bisa dutse? Ga Bashar nan tsaye kaina da wayarshi, wai dole sai na gani kafin ya tashi. Bari in duba in huta da nacinku.

Latifa. Na gani, na kuma ji.

Kada ki sake aiko mani da wanga abu. Kada ki sake tambayata Sirajo.

Maccido

*

Kafanchan, Asabar

Zuwa ga Alhaji Maccido,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu ma lafiya.

Na ga saƙonka, na kuma fahimta. Bashar ya ce da ya kunna maka bidiyon, ka ture hannunsa, ka tashi ka bar shago a buɗe. Ban san abin ya kai haka ba.

Tun ina yarinya nake jin ana raɗe-raɗi cewa mutanen Illela ba su ɗauke mu nasu ba, saboda kakana ya auri 'yar nan ƙasar, wadda danginta har yau coci suke zuwa. Ban yarda ba. Da na zo biki ka zaunar da ni kusa da kai, ka ba ni kan rago, ka kira ni amarya, sai na ce ƙarya ake yi maka. Ashe ko ruwan garinmu ba ka son ji.

Matar nan da ba ku taɓa gani ba, ita ta yi jinyarsa shekara uku, ita ta riƙe kansa da ya cika. Kuma bai taɓa zagin kowa a cikinku ba. Abin da kawai yake cewa shi ne, "Na aika muryata gida, ba a amsa ba."

Ba zan sake tambaya ba. Abin da zan haifa, zan ce masa jerinmu daga Sirajo ya fara. Gajere ne, amma babu wanda aka cire.

Latifa

*

Illela, Juma'a, an gama yankan gero

Zuwa ga Latifa, jikar ƙanena Sirajo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina tambayar jikinki. Ni lafiyata ƙalau, in ban da abinci da ba ya wuce mani.

Wata biyu da kwana tara takardarki tana cikin aljihuna. Bashar ya yi sawu huɗu, duk sawu sai ya tsaya ƙofar shago ya ce, "Baba, ba saƙo?" in ce mashi ya kama gabanshi. Kin buɗe takarda da Alhaji, ba tsokana, ba ango. Wannan ya fi mani zafi da a ce zagina kinka yi.

Kin yi kuskure. Ba kakarki ba ce, ba garinku ba ne. Wallahi ban san ma wa ya aura ba sai da kinka zo biki. Ni ne. Ki zauna ki karanta, ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Sirajo shina da shekara goma sha tara ya koyi gurmi a ɓoye wurin wani mutumin Ƙonni. Wata rana na kai kanwa can, na gan shi zaune tsakiyar taron biki shina kaɗawa, mata na guɗa. Ban tsaya na ja shi gefe ba. Gida na zo kai tsaye na gaya wa Malam. Malam ya ce ya zaɓa, ko gurmi ko gida. Yaro da zuciya, ya ɗauki gurmi. Inna ta bi shi har bakin hanya ba takalmi.

Shekara goma sha biyu ba labari. Malam ya rasu, gida ya dawo hannuna. Sai shekarar da soja sunka canza kuɗi anka rufe boda, wani direban goro ya zo shago ya miƙo mani kaset naɗe cikin ƙyalle, ya ce daga Kafanchan, a ba Inna Ramatu. Zamanin nan wanda ke nesa haka yake yi, ya yi magana cikin kaset a kawo wa iyayenshi da ba su karatu. Direban ya ce jibi zai koma, in akwai amsa.

Ban kai mata ba. Na ce ni ne babba, sai na fara ji. Na aro rikoda wurin maƙwabci, na rufe shago da rana tsaka, na kunna. Sai ƙugi. Shuuu, ba tsayawa, ba murya. Ke kin san mu nan ba mu san ƙarar ruwa ba sai ta kan kwano da damina. Kaset in rana ta buge shi, haka yake yi, na sha ji. Na ce ya lalace a hanya.

Da nan zancen ya tsaya, da kuskure ne, da na gaya maki tun tuni. Amma kafin in kashe, can ƙarƙashin ƙugin, na ji tsirkiya. Sau uku ko huɗu, ƙasa-ƙasa. Na san hannun. Raina ya ɓaci, na ce shekara goma sha biyu, ubanshi ya mutu bai zo ba, abin da zai aiko wa uwarshi ke nan? Na danne maɓalli. Ko minti ɗaya bai yi ba.

Direban ya riga ya yi surutu a unguwa, Inna ta ji. Ta aiko kirana. Na ce mata kaset ya lalace, ƙugi ne kawai. Ta ce, "Maccido, ko ƙugin ne ka kunna mani, ai hannunshi ya taɓa." Na ce na mayar da rikoda. Ta dube ni kawai. Direba ya koma hannu wofi. Damina ta zagayo Inna ta rasu.

Shekara arba'in ina gaya wa kaina kaset ya lalace. Na faɗa har na yarda. Sai ga Bashar ya kara mani wayarshi, na ga ruwa fari shina zubowa daga dutse, na ji ƙugin nan, shi ɗin dai, ba ragi ba ƙari. Kaset bai lalace ba, Latifa. Wurin ne haka.

Ban yar da shi ba, ban san dalili ba. Shina cikin akwatin ƙarfe a ɗakin Inna, wanda yanzu albasa ke ciki. Ko bayan takardarki na kasa buɗewa. Mussar nan mai ido ɗaya ce ta tilasta mani: ta haihu bayan akwatin, sai da na ja shi in ga ɗiyan, murfi ya faɗi, ga ƙyallen.

Illela duka na rasa mai rikoda. Sai Ƙonni na tsallaka wurin wani tsoho mai gyaran rediyo. Ya juya zaren da biro a hankali, ya hura, ya ce in Allah ya so. Na ce ba nan zan ji ba. Ya ba ni aron rikodar, na zo da ita ɗakin Inna, na zauna bisa buhu inda gadonta yake da, na kunna.

Ƙugi. Gurmi. Na daure, ban taɓa maɓalli ba. Kaɗan bayan inda na kashe wancan karo, kaɗan ƙwarai, gurmi ya tsaya, sai murya, shina ɗaga ta don ruwa:

"Inna, ni ne Sirajo. Wanga da kike ji ba iska ba ce, ba jirgi ba ne. Ruwa ne, Inna. Daga bisa dutse yake faɗowa da kanshi, ba guga, ba igiya, rani da damina. Ranar da na fara ganin shi tafin hannunki na tuna, na yi kuka. Nan nake zuwa in kaɗa, don ruwa ya rufe, kada kowa ya ji ya ce ɗan Malam Usama makaɗi ne. Na ji rasuwar Malam a makare, kunya ta hana ni zuwa. In kin yafe, in kina so in dawo, ba sai kin yi magana ba. Ki ba direban nan goro ɗaya ya kawo mani. In na ga goro, zan rataye gurmi in taho. In ban gani ba, na gane."

Daga nan ya gai da Hindatu da Ummu. Ya ce, "A gai da Yaya Maccido, a ce mashi ban riƙe shi ba."

Kin ce 'yan kamasho suna ce mashi Baba Goro. Kin ba ni shi a matsayin abin dariya, ni ma na yi dariya ranar.

Ban san mi ake cewa bayan wannan ba. Ba roƙonki nake ki yafe ba. Kin tambaya, ga amsa.

Maccido

*

Kafanchan, Asabar

Kaka,

Wa alaikumus salam. Na sauka lafiya kwana goma sha ɗaya da suka wuce, mace. An sa mata Rumaisa. Takardarka ta iso bayan suna da kwana uku, don haka an yi taro an watse ba wanda ya jero kowa.

Na karanta, na ajiye, na kasa ba yarinya nono sai da Sufyanu ya karɓe takardar daga hannuna. Hannun da yake ja zuwa tasha nawa ne, Kaka. Har nakan ji kunya in ana yi masa dariya, in ce masa, "Kaka, mu tafi, ni zan saya maka goro." Sai ya ce, "Ba irinsa ba ne."

Ba zan yi maka ƙarya ba, na yi fushi, har yanzu ma bai gama sauka ba. Batun yafiya kuwa, ba ni aka yi wa ba. Mutum biyun da ke da haƙƙi sun tafi, ɗaya cikinsu ma ya riga ya faɗi nasa a kaset, kai ne ba ka tsaya ka ji ba. Ni nawa laifin, na ɗora maka abin da ba ka yi ba game da kakata. Ka yi haƙuri da wannan.

Abu biyu nake so. Ina son in ji muryarsa, don na fara manta yadda take. Ka ba Bashar kaset ɗin, za a juye mini a waya in mayar maka. Na biyu, yarinyar nan ba ta da jeri, kuma ni ban iya ba.

Albasa ta ƙi barin ɗakin tun da aka haihu, kullum tana ƙarƙashin gado tana gadi. Yaya 'yan uwanta?

Jikarka,
Latifa

*

Illela, Laraba

Zuwa ga amaryata, da sabuwar amaryata Rumaisa,

Assalamu alaikum. Barka, barka. Allah ya raya ta, ya ba ki lafiyar shayarwa. Ki gaya wa Sufyanu wagga kam na riga shi, ba mai ƙwace mani.

'Yan mussa huɗu ne, duka da ido bibbiyu.

Jiya an yi suna gidan jikan Hindatu. Bayan fatiha anka ce Baba Maccido ya jero, kamar kullum. Na fara daga Abdulmalik mai rijiya, na gangaro. Da na zo ɗiyan Malam Usama na ce Maccido, na ce Sirajo. Wani daga baya ya ce, "Baba, wane Sirajo?" Liman na zaune, manyan unguwa na zaune. Na ce, "Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya. Mai gurmi. Ni na hana shi dawowa." Na ci gaba, na kawo babanki, na kawo ki. Na tsaya nan don ban san sunan yarinya ba sai da Bashar ya iso da yamma. Kakarki ma ban san sunanta ba, ki tanadar mani shi, da na ubanta.

Kaset kuwa ba zan ba Bashar ba. Sau ɗaya anka ba wani shi ya kai, kin ga yadda ta ƙare. Da hannuna zan kawo. Ta wagga hanya ban taɓa wuce Gusau ba, gwiwa kuma ta ce ba ta yarda ba, ban nemi shawararta ba. Bashar zai sake lodi Lahadi ta sama bayan kasuwa, na ce ya bar mani gaban mota. Jeri ba a aika shi cikin takarda ga jariri, a kunne ake faɗa.

Ki sa a gyara tsirkiyar nan da ta tsinke. Ban iya kaɗawa ba, ban kuma ce zan saurara ba. A dai gyara.

Sannan ku kai ni wurin ruwan. Sirajo ya ce rani da damina ba ya tsayawa. Ni sai na gani.

Da safen nan na je wurin masu goro. Na zaɓi ɗaya, fari, babba, mara tabo. Mai goro ya ce, "Alhaji, ɗaya tak?" Na ce ɗaya anka ce. Na naɗe shi cikin jiƙaƙƙen ƙyalle, shina aljihun da takardarki ta zauna. Kabari ba ya karɓar goro, na sani. Ke ce kike riƙe da hannunshi a tasha. Ranar Litinin ki sa a fito da ke bakin tashar nan, in motar Sakkwato ta tsaya, ki yi tambayar da yake yi.

Kakanki,
Maccido, yayan Sirajo